Shekarar Jan Ruwa

Zafin bana a Lyon ya wuce wasa. Ni da na girma a bakin murhun bandar kifi ban taɓa zaton zafin Turai zai sa ni ƙorafi ba, amma ga shi tun shigowar watan Agusta ba abin da nake yi sai mita. A ɗakin wanki na wani gidan tsofaffi nake aiki, tsakanin injinan busar da kaya da dutsen guga, in na fito da yamma kuma in tarar titin ma turiri yake yi. Tafkin lambun unguwarmu, inda nake zuwa shan iska, ya koma kore shar, ya yi kauri kamar miyar kuka, har an kafa allo an ce kada yara ko karnuka su kusance shi. Mutane suna tsayawa suna ɗaukarsa hoto. Ni kam tun ranar da na gan shi na sauya hanya, don ba na shiri da ruwan da ya canza launi.

Cikin wannan zafin ne saƙon muryar Balki ya shigo mini. Balki matar ƙanena Habu ce, ’yar garin Tasawa can arewa, tana zaune da ’ya’yanta a gidan da aka haife mu, a zangon Hausawa na wani ɗan gari da ke bakin teku a Kodebuwa. Sana’ar mahaifiyarmu ta kama, wato bandar kifi. Bayan doguwar gaisuwa ta ce Habu ya yi arewa da ɗan busasshen kifin da ya rage, ta ce bana kifi bai zo ba, jirage suna fita suna dawowa wayam, ruwan teku kuwa ɗumi gare shi kamar wanda aka sirka wa jariri. Tana faɗa tana dariya, don Balki ko gobara take ba da labari sai ta yi dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba. Na kira ta nan take na tambaye ta launin ruwan, ta ce launin ruwa mana. Sai na tambaye ta ko suna cin kawa, wannan halitta mai ɓawo biyu da ke manne wa duwatsun bakin teku.

“Kawa, Yaya? Wannan abu mai kama da majina? Allah shi kiyaye. Ni ɗiyar Tasawa ce hwa.”

Na ce to, kada dai su ci, muka yi sallama. Ban gaya mata dalili ba. A gidanmu ba a maganar shekarar jan ruwa. Har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaga ta ba, Habu kuwa yana goye a lokacin. Amma na kasa samun natsuwa, domin Inna ma ’yar Tasawa ce, kuma da kunnena na taɓa jin ta faɗi abin da Balki ta faɗa.

Da ƙarshen mako ya zo na hau jirgin ƙasa zuwa Paris wurin autata Samira. Gonaki ta taga duk sun ƙone sun yi ruwan ƙasa, ni kuwa hankalina yana can baya, fiye da shekara arba’in.

Garinmu yana cikin wani lungu ne inda teku ya shigo ƙasa ya yi kwana, duwatsu ta gefe ɗaya, bakin wani ƙaramin kogi ta ɗaya gefen. Masuntan wurin Fanti ne, su ke da jirage da raga. Mu ’yan zango ba ma shiga ruwa, namu shi ne mu sayi kifi, mu banda, mazanmu su kai arewa. Amma ko mu yara mun san shekara da launin ruwan take tafiya. Da rani shuɗi ne garau, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka. Baƙi suna yaba kyansa, mu kuwa mun san ba komai a cikinsa. In damina ta kankama sai bakin kogi ya yi ruwan ƙasa. Daga nan sai a shiga jiran abin da muke kira ruwan sanyi. Wata safiya za ka tashi ka ga hazo ya kwanta a kan teku, yashi ya yi sanyi a tafin ƙafa, ruwan ya gurɓace ya koma kore-kore, yana wani ƙamshi kamar na ɗanyar ciyawa. In ka ga haka, to kifin sardin yana tafe.

Lokacin nan babu mai zama. Da asuba Inna za ta ɗauki manyan kwanoni ta nufi bakin ruwa wurin Esi, wata Bafantiya da jirgin mijinta yake ba mu kifi tun kafin a haife ni. Su biyun ba wadda ta iya harshen wata sosai, amma sukan yi ciniki su yi faɗa su shirya, har su yi gulmar mazajensu. In kifi ya iso gida sai a wanke, a jera a kan ragar waya bisa rabin ganguna, a cusa ɓawon kwakwa a ƙasa. Hura wuta aikina ne ni da ƙanwata Indo. Ba harshen wuta ake so ba, hayaƙi ake so, kuma ɓawon kwakwa mai taurin kai ne, sai an durƙusa an yi ta hurawa ido yana hawaye. Indo ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. ’Yar firit ce, ba ta fi shekara bakwai ba, amma in ta cika kumatu ta hura sai ka ga garwashi ya yi ja. Ta kuma iya fito, abin da Inna ta tsana ga ’ya mace, kullum sai an dungure mata kai a kansa. Da yamma Baba zai jera busasshen kifi a kwanduna ya rufe da takardar siminti, mu kuwa mu kwanta gashinmu da zanenmu duk warin hayaƙi.

A waccan shekarar damina ta yi yawa. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, bango ya yi gansakuka, tabarmi suka yi fumfuna, ɓawon kwakwar da muka tara ya jiƙe har ya fara tsiro. Kogi ya cika ya yi ta kwararo ƙasar daji cikin teku. Manya suka ce ba komai, ruwan sanyi zai zo ya wanke. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta buɗe, muka gyara ganguna, muka shanya ɓawo, muka zauna jira. Iska ta tsaya cik. Teku ya kwanta lumui, ko motsin kirki ba ya yi. Kowace safiya ni da Indo sai mu ruga mu taka yashi mu ji ko ya yi sanyi, kowace safiya kuma mu dawo mu ce wa Inna da ɗumi.

Yunwar bakin teku a hankali take shigowa. Da farko shinkafa ce ta koma sau ɗaya a rana. Daga nan sai garin rogo da sukari, sai garin rogo ba sukari. Baba ya kwashe ɗan tsohon kifin da ya rage ya yi arewa, ya ce zai dawo da gero. Muka koma dafa ɗanyar gwanda da barkono, muna bi da kwakwa, har na kai ko warin kwakwa na ji sai zuciyata ta tashi. Murhunan banda suka huce, kaji suka koma yin ƙwai a ciki, kafin mu cinye kajin. Kyanwoyin da ke damun mu da sata duk suka watse. Nonon Inna ya ragu, Habu ya koma kuka mara ƙarfi, irin wanda ya fi mai ƙarfi tayar da hankali. Abin da na fi tunawa shi ne shirun unguwar da rana tsaka, ba daka, ba hayaƙi, sai zafi mai danƙo da ƙudaje. Indo ta daina fito ba tare da an hana ta ba.

Sai wata safiya ruwan ya canza, amma ba irin canjin da muke jira ba. Wasu dogayen zane-zane ne suka bayyana a kansa, launin tsatsa. Kafin a jima suka haɗe, lungun gaba ɗaya ya koma ja kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Wani wari-wari yana tashi, ’yan ƙananan kifaye suna fitowa gaɓa ciki sama. Matan Fanti, waɗanda kullum in ruwa ya janye suke kan duwatsu suna ɓamɓarar kawa, suka daina zuwa ɗungurungum.

Esi ta tako har gidanmu, abin da ba ta saba yi ba. Ta zauna a bakin murhu ta yi wa Inna bayani da guntuwar Hausarta da hannuwanta. Ta ce in teku ya yi jini, mai tekun ne ya yi fushi, kuma duk abin da ke manne da dutse ya zama nasa har sai ruwa ya washe. Wanda ya ci, ta ce, numfashinsa za a karɓa. Inna ta fahimce ta sarai. Ta ba ta ruwa ta sha, ta yi mata godiya, ta raka ta har bakin hanya, ta kuma ce mata ai mu ko da ma ba ma cin wannan abin.

Amma yunwa ta ci gaba, ga duwatsu kuwa cike da kawa ba mai taɓawa. Matan zango suka fara shawara a tsakaninsu. Dukkansu ’yan arewa ne, kuma a wurinmu jan ruwa ba abin tsoro ba ne. Ruwan farko in ya sauka, tafki ja wur yake cika, mu sha, dabbobi su sha, a yi murna. Ga kogi nan kowa ya ga ƙasar da ya kwaso, to me zai hana teku yin ja? Batun fushin mai teku kuwa suka ce camfin masunta ne. Duk da haka aka aika aka tambayi malamin zango. Ya ce abin da ke cikin teku halal ne, kuma Musulmi ba ya barin halal don tsoron wani mai teku. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Wata tsohuwa ta rufe maganar da cewa in ma akwai wata ƙazanta, a tafasa sosai, ba abin da ke gagarar wuta.

Da safe da ruwa ya janye muka fita, mata da yara, kowa da tsohuwar wuƙa da kwano. Ruwan yana da ɗumi a ƙafa, yana barin wani yauƙi a fata. Wallahi murna muke yi. Rabon da in ji matan zango suna waƙa tun kafin damina, amma ran nan sun yi. Daga nesa wasu matan Fanti suna tsaye suna kallonmu, ɗaya tana ɗaga hannu tana kiran wani abu, muka yi kamar ba mu gani ba.

Inna ta wanke kawar ta sake wankewa, ta tafasa har ɓawon ya buɗe, ta cire naman ta mayar wuta da barkono da ɗan manjan da ya rage a gindin kwalba. Ƙamshin ya cika gida. Ni ban iya haɗiye naman ba, santsinsa ya dame ni, sai na jiƙa garina da romon kawai. Inna ta ɗan taɓa ta ce ta ƙoshi, irin ƙoshin uwaye. Indo ce ta zauna ta ci da gaske, tana lasar yatsu, tana cewa ashe Fanti sun daɗe suna ɓoye mana daɗi. Inna tana kallonta tana murmushi, ta tura mata sauran.

Bayan azahar Inna ta ce Indo ta hura wuta a ɗora ruwan wankan Habu. Ta durƙusa ta cika kumatu, sai iskar ta fita ta gefen bakinta da wata ’yar ƙara. Ta sake, haka. Ta ɗago tana dariya.

“Inna, leɓena ya yi barci.”

Muka yi dariya mu duka, har Inna ta ce alhakin fito ne. Ni ma a lokacin ina jin harshena yana tsattsarga kamar kiyashi na bi, amma ban kawo komai a raina ba. Can sai Indo ta ce yatsunta ma sun yi barci. Ta miƙe za ta je wurin Inna, ƙafafun suka ƙi, ta zube a gefen murhu. Kafin mu gama salati sai muka ji kururuwa daga gidan da ke bayanmu.

Likita, wato asibiti, tana da nisa, mota kuwa babu. Mijin Esi da mutanensa ne suka zo da kurar da suke tura raga, aka ɗora Indo da wasu, suna gudu muna bin su. Abin da ba ya barina har yau shi ne ba ta suma ba. Idonta biyu, tana kallonmu, tana jin duk abin da ake faɗa, numfashin ne kawai yake ta ƙanƙancewa. Inna tana gudu da Habu a baya tana ce mata ta ja iska, ta ja da ƙarfi, ita da ta fi kowa iya hura wuta. Ba mu kai ba. A gindin wata bishiyar mangwaro aka tsayar da kurar, rana ba ta ma faɗi ba.

Ba gidanmu kaɗai aka yi makoki ba a zango. Bayan haka kowa ya kawo nasa dalilin. Wasu suka ce tukunya ce, wasu suka ce sammu, wasu suka ce iskokin ruwa, mafi yawa suka ce kwana ne ya ƙare, aka bar maganar a nan. Esi ta zo gaisuwa, ta zauna ta yi kuka, ba ta ce ai na gaya miki ba, Inna kuwa ta kasa ɗaga ido ta dube ta. Baba ya dawo da geronsa ya tarar an share makoki. Ruwan sanyi ya zo daga baya, a makare, sardin ya biyo shi, aka kunna murhu, na durƙusa ina hurawa ni kaɗai. Tun daga lokacin Inna ta koma dafa komai har sai ya narke. Nama, wake, ganye, ko ruwan shayi sai ya yi ta tafasa. Mukan yi mata tsiya a kan haka. Jan ruwa bai sake dawowa ba har na yi aure na bar garin, tsofaffin da suka gani suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sababbin mutane suka cika zango.

Samira ta tarye ni a tasha, ta karɓi jakata tana faɗan na cika ta da kaya kamar mai ƙaura. A Montreuil, a gefen Paris, take zaune, amma ta ce sai mun biya ta wurin aikinta tukuna, akwai kwalaben da za ta duba. Karatun digiri na uku take yi a kan ƙananan tsirran cikin teku waɗanda ido ba ya gani, kuma duk faɗin duniyar nan ba ta ga inda za ta zaɓa ba sai lungun garinmu, wai don tushenta ne. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba, wasu abokan aikinsu da ke can ne suke ɗebo ruwan wata-wata suna aiko musu. Na sha yi mata mitar cewa na gudo daga ruwan nan ita kuma ta jawo mini shi har Paris, tana ɗauka wasa nake yi.

Wurin shiru, kowa ya tafi hutu. Ta zaunar da ni gaban mikroskop, madubin da ake ganin ƙananan halittu da shi, ta ɗiga ruwa a kan ɗan gilashi, ta ce na Agustan bara ne. Na kanne ido ɗaya, ta ce in buɗe duka biyun. Da na saba sai na ga wasu abubuwa jere kamar tsakiyar wuya, wasu kamar allura, wasu kamar ’yan akwatuna, duk garai-garai. Ta ce waɗannan ɓawonsu kamar gilashi yake. In ruwan ƙasan teku mai sanyi ya taso sama yakan taho da taki, sai su yi ta yaɗuwa har ruwa ya yi kore, sardin kuma ya biyo abincinsa. Na ce ashe ruwan sanyinmu ke nan. Raina ya yi fari, kamar na ga ’yan uwa.

Sai ta sauya gilashin ta sa na bana. Masu kama da tsakiya sun kusan ɓacewa. Wasu dunƙulallu ne suka cika wurin, kowanne da tsagi a tsakiyarsa kamar an ɗaura masa ɗamara. Ta ce waɗannan suna da ’yar wutsiya, suna iyo da kansu, kuma lokacinsu shi ne in ruwa ya yi ɗumi ya kwanta, ruwan sama kuma ya wanko musu abinci daga tudu. Ta ce bai kamata a gan su da yawa haka a wannan watan ba, shi ya sa ta ƙi tafiya hutu. In sun yi yawa sosai ruwa yakan yi ja. Wasunsu suna da dafi, kawa kuma aikinta ke nan tace ruwa dare da rana, sai dafin ya taru a jikinta ita bai kashe ta ba.

Na ɗago daga mikroskop ɗin. Na tambaye ta, in an tafasa fa?

“Ko an tafasa, Maman. Ko an kwana ana tafasawa. Wuta ba ta yi mishi komi.”

Na riƙe gefen tebur. Inna ta rayu ta tsufa ta mutu tana zaton ita ce ba ta dafa sosai ba. Ba ta taɓa faɗa ba, amma duk wanda ya ci wakenta ya sani. Baƙin ciki ya kama ni, na ga ba ni da inda zan kai mata wannan labarin.

Samira ba ta lura ba, tana latsa wayarta. Ta ce ga ma hoton da abokin aikinsu ya turo da safen nan, sun kai rahoto ga hukuma, ana shirin sanarwa. Ta miƙo mini. Na ga duwatsunmu, na ga bakin kogi, na ga ruwan ja kamar zoɓon da aka tsinka. A can gefen hoton, ƙanana ƙwarai, ga wasu mata a duƙe kan duwatsu, da hijabai.

Ban san sanda na ciro wayata ba. Na kira Balki, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Samira tana tambayata me ya faru, ina ba ta labarin a gutsure, wayar tana kunnena, ina kallon fuskarta tana sauyawa. Ita ma ta shiga kiran abokin aikin nasu da faransanci, tana ce masa ya bar komai ya nufi zango. A raina ina ta lissafin lokacin da ruwa yake janyewa da lokacin da ake ɗora tukunya, ina kuma jin haushin kaina da na Balki da na dukan ’yan Tasawa.

Can dai ta ɗauka, da bidiyo, fuskarta cike da hayaƙi da dariya. A bayanta ga tsakar gidanmu, ga tukunya a kan murhu, a daidai inda na Inna yake. Ta fara gaisuwa na katse ta na tambaye ta me take dafawa. Ta ɗan sunkuyar da kai. Ta ce in yi haƙuri, yara ne suka ƙi garin rogo, matan zango kuma duk sun fita yau, masunta sun bar duwatsu ba kowa. Ta ce ruwan ma ba wani abu ba ne, ja ne kawai irin na tafkin garinsu in an yi ruwan farko, kuma za ta tafasa sosai.

“Balki, sauke tukunyar nan. Wa ya ci?”

Ta ce ba a ma gama ba, ita dai ta ɗanɗana gishiri. Sai ta waiga ta ce A’i ce kawai ta matsa mata, ta tsamo mata ’yan kaɗan a ludayi. A’i ita ce ƙaramarsu. A’isha sunanta, Inna ce ta roƙi a sa mata, ta kuma hana kowa ya kira ta Indo.

Abin da ban taɓa faɗa a gidanmu ba na faɗe shi a tsaye, a cikin ɗakin kwalabe a Paris. “Habu yana da wata yaya bayan ni. A tsakar gidan nan ta ci abin da ke cikin tukunyarki, shekarar da ruwa ya yi ja, ba ta ga magariba ba. Sunanta ne A’i take ɗauke da shi.”

Dariyar Balki ta ɗauke. Samira ta karɓi wayar ta gaya mata da Hausarta mai gargada cewa ta kai yarinyar likita yanzu, ko da lafiyarta lau, su zauna a can har yamma, ta gaya musu abin da ta ci, in numfashi ya fara wuya akwai abin da za su yi mata. Muna ji Balki ta leƙa ta katanga tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira, tana cewa a bi gida-gida a ce kowa ya zubar. Daga nan hoton ya koma sama da ƙasa, sai ƙarar kabu-kabu, sai hanyar da na sani, har da bishiyoyin mangwaro. Na ce kada ta kashe wayar. Na kuma ce ta tsaya a shago ta sayi ashana.

A kan bencin likita aka zaunar da su, ma’aikaciyar jinya ta duba A’i ta ce a jira a gani. Yarinyar tana zaune tana kaɗa ƙafa, ’yar firit, tana mamakin yadda aka yi ta zama abin kallo. Na tambaye ta ko leɓenta yana mata wani iri, ta ce a’a, Gwaggo. Na ce Balki ta ƙyasta ashana ta riƙe a gabanta.

Samira ta dafa kafaɗata ta ce, a hankali, ashana ba awo ba ce, masu aikin suna kallonta. Na ce na sani.

“A’i, hura wa Gwaggo wutar nan.”

Ta dubi uwarta, ta dubi wayar, ta cika kumatu. Ni ma na riƙe nawa numfashin. Ta hura, wutar ta mutu, ɗan hayaƙi ya tashi, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce a ƙara.

Na dubi agogon bango, da sauran rana sosai a can. Na jawo kujera na zauna, na ce Balki ta ƙyasta wata.